Je Ki Gida Sai Na Neme Ki

'Yan uwana mata, da aka sauke Sarki Sanusi a 1963 aka kai shi Azare, har yau ana zancen. Larabawa nafyu suke kiran wannan, kalmar da suke kore samuwar abu da ita, kamar ba a taɓa yin ka ba. Mu kora muke cewa, irin ta akuya.

To ni da maigida ya ce min "je ki gida sai na neme ki", da goyo, bayan isha'i, me aka kira shi? Wai na yi yaji! Haba jama'a, mai yaji ai da kanta take fita. Ko sakina ya yi, Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana shi fitar da ni ina idda. Wata bakwai na yi a ɗakin Inna, ko aike bai yi ba.