Kira Ga Masu Motocin Shiga Ƙauye: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke wulaƙanta motocin nan masu ja da ƙafa huɗu waɗanda ke shiga ƙauyukanmu, irin su Land Rover da Hilux da Land Cruiser.

Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, sana'ata sarin masara da dawa da waken suya daga ƙauyukan Giwa da Soba in kawo Zariya, kafin nan kuma na yi shekaru ina yaron mota. Duk wanda ke wannan harka ya san cewa daga watan Yuli zuwa Satumba, musamman Agusta da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, da zarar ka sauka daga kwalta to ƙaramar mota ba ta da ta cewa. Waɗannan tsofaffin motoci su ne ke fito da amfanin gona, su kai taki, su kuma ɗauko mai naƙuda cikin dare zuwa asibiti. In ɗaya ta kwanta, ba mai ita kaɗai ya shiga uku ba, ƙauye ne sukutum.

Abin da na lura da shi shi ne, ba hanya ce ke kashe motocin nan ba kamar yadda sakacinmu ke kashe su. Mun ɗauki wata magana mun riƙe, wai Land Rover ba ta mutuwa, wai Hilux jaki ce. To ai ko jakin ma ana ba shi harawa da ruwa, ana kuma sauke masa kaya ya huta. Gaskiya ne tun 1948 Turawan Ingila suka fara ƙera Land Rover domin aikin gona da daji, mutanen Japan kuma suka fito da Hilux a 1968. Amma a sani, tun watan Janairu na 2016 aka daina ƙera tsohuwar Land Rover ɗin nan mai kama da akwati da muka saba da ita. Ke nan wadda ke hannunka in ka bari ta lalace, ba lalle ka sami kamarta ba, kayan gyaranta kuma kullum sai ƙara wuya suke yi.

Kulawar da nake nufi ba ta wani babban kuɗi ba ce. Kowace safiya kafin a tayar da mota, direba ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya leƙa ruwan lagireto tun injin yana da sanyi, ya duba man birki, ya taɓa fambel ya ji ko ya saki, sannan ya durƙusa ya ga ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare. Duka-duka minti goma ne. Amma sai ka ga direba ya fito daga gida ya murɗa makulli kawai, sai an kai tsakiyar daji tururi ya turnuƙe, gasket ya ƙone, sannan a fara cewa tsautsayi ne. Haka nan juyen baƙin mai: motar da ke yini cikin ƙura bai kamata ta wuce kamar kilomita 5,000 ba a yi mata juye ba, a sauya da matatar mai. Lokacin hunturu kuwa matatar iska na bukatar kakkaɓewa a kai a kai, domin ƙurar da ta shige ta ita ce ke cinye cikin inji sannu a hankali, har ka ga mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi.

Babban abin da ake mantawa da shi shi ne bayan an tsallake rafi. Ƙarfen da ya yi zafi in ya faɗa ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa zuwa cikin giyabos da aksul. Duk wanda ya kwance ya ga man ya koma fari-fari kamar kunu, to ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabo, in ba haka ba boris da haƙoran giya za su tafi. A kuma ɗura giris a gaɓoɓin furofela, a wanke taɓon da ya maƙale a ƙarƙashi tun bai jawo tsatsa ba. Da an fito daga ruwa a riƙa ɗan taka birki a hankali har ya bushe. Kafin a shiga ma, yaron mota ya sauka ya auna zurfin da sanda. Ruwan da ke gudu da ƙarfi ba a yi masa jarumtaka, domin in inji ya shaƙi ruwa ta hanyar iska, sai dai a sauke shi gaba ɗaya. Sannan a Hilux da tsofaffin motocin da ake sa wa giyar ƙafa huɗu da hannu, da an hau kwalta a cire ta, barinta yana murɗe ƙarafa ya cinye taya.

Sai batun taya da kayan gyara. Da yawanmu mukan je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano mu ce a ba mu mafi araha. Araha dai ba ta ado. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali in ka ga 2319, to mako na 23 ne na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa ko da zanenta bai goge ba, robarta ta riga ta bushe, kuma ranar da aka yi lodi rana ta take ita ce ranar da za ta fashe. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da ɗansa ɗan makaranta ya duba masa, ba abin kunya ba ne.

Na san abin da masu motoci za su ce. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai da na baƙin mai da na kayan gyara duk suka yi tashin gwauron zabi, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a yi lissafi mana. Kuɗin juye da giris nawa ne in an gwada da kuɗin sauke inji, ga mota ta yi wata guda a gareji ba ta kawo ko sisi? Tsadar nan ma ita ce dalilin da ya sa ya kamata a ƙara kula, domin yau ba kowa ke iya sayen wani injin ba. Shawarata ita ce duk ranar da mota ta fita, mai ita ya ware wani abu komai ƙanƙantarsa ya ajiye da sunan gyara, kada ya taɓa shi ko da biki ya taso.

Mu 'yan kasuwa da fasinjoji ma akwai namu. Mu ne ke matsa wa direba, "Haba maigida, buhu biyu ne kacal suka rage, daure ka ɗora." Motar da aka yi domin kaya kamar tan ɗaya, wato buhu goma na masara, sai a lafta mata ninki, mutane kuma su hau bisa. Daga nan sifirin ya karye, ko birki ya ƙi ci a gangara. Gara a yi sawu biyu, ko mu ƙara wa direba ɗan abin da ya sauwaƙa, da a kwana a daji. Kowa ya san irin halin da aka shiga a ƙauyukan Giwa da hanyar Birnin Gwari a 2021 da 2022, lokacin da lalacewar mota bayan magariba ba asarar kaya kaɗai take jawowa ba. Mai tumatir daga Hunƙuyi kuwa ya san abin da kwana ɗaya a hanya ke yi wa kwandunansa.

Saboda haka nake kira ga shugabannin direbobi na tashoshinmu da su sa doka, duk motar da ba ta da safaya mai iska da jak da sifana da igiyar ja da shebur da jarkar ruwa, kada a ba ta lodin ƙauye. Makanikai kuma su ji tsoron Allah su riƙa gaya wa mai mota gaskiya, a daina ɗaure birki da waya a ce "za ta kai". Masu motoci su kai su babban sabis a watan Afrilu, tun ruwa bai sauka ba, kada a bari sai hanya ta jiƙe. Ina kuma roƙon ƙananan hukumomi su dubi kwalbatocin da ruwa ya cinye, domin gyaran kwalbati ɗaya na iya ceton motoci da yawa.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Wani mai sarin hatsi,
Ƙofar Jatau, Birnin Zariya.