Kada Kwalbar Mai Ta Hana Mu Yi wa Kaji Rigakafi

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a Talata Mafara da Bakura da Maradun, damina ta ja baya, hunturu yana bakin ƙofa, kowa kuwa ya san abin da hunturu yakan kawo cikin akurki. Bana wata magana ta shiga tsakanin masu kiwon kaji, watau maganar mai. Wasu suna cewa in an zuba wa kaji man habbatussauda, ko man dogon yaro, ko manja, to ba sauran bukatar rigakafi. Har akwai masu son a ɗebi kuɗin asusun ƙungiya a sayo irin waɗannan kwalabe. Mu dai ra'ayinmu a fili yake: mai abinci ne, yana da amfaninsa, amma kuɗin ƙungiya na fari a kan rigakafi ya kamata ya tafi. Ga dalilanmu.

Mu fara da sanin abokin gāba. Cutar da take share kajin ƙauye lokacin sanyi ita ce wadda likitocin dabbobi suke kira Niyukasil, wasu wurare kuma a ce mata fakat. An fara ganinta a shekarar 1926 a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya da kuma kusa da birnin Niyukasil na Ingila, daga can ta samo sunanta. Alamunta ba baƙi ba ne gare mu: kaza ta sauke fukafukai kamar ta yafa bargo, ta yi koren zawo, numfashi ya yi mata wuya, wata kuma wuyanta ya murɗe. Ta biyu ita ce Gumboro, mai sunan wani gari a Amurka, wadda ta fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6. Mugun halin Gumboro shi ne takan lalata wata 'yar jaka da ke kusa da duburar tsako, inda ake renon sojojin jini. Tsakon da ya tsira daga gare ta yakan zama marar garkuwa, ko an yi masa rigakafin wata cuta ba ya kamawa sosai.

Duka biyun nan ƙwayar bairas ce take kawo su. Bairas kuwa ba ta jin kafso, ba ta jin barkono ko sassaƙen itace, ba ta kuma jin mai. In ta shiga garke, iyakar abin da mutum zai yi shi ne ya ware marasa lafiya, ya binne matattu da zurfi. Hanya ɗaya tak aka sani ta tare ta, ita ce a koya wa jikin kaza ya gane ta tun ba ta zo ba. Aikin rigakafi ke nan. Ana sa wa kaza ƙwayar cutar da aka raunana ko aka kashe, jikinta ya yi faɗa da ita, ya tanadi sojoji cikin jini. Wannan shiri yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ran da cutar gaske ta iso, sai ta tarar ana jiranta.

To, ina maganar mai ta samo asali? Ba daga iska ta faɗo ba, gama akwai gaskiya a cikinta, gaskiyar kuwa kashi uku ce.

Na ɗaya, jikin da zai ƙera sojoji sai ya ƙoshi. Mai ya fi hatsi ba da ƙarfi fiye da ninki biyu, nauyi da nauyi. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo cikin abinci, bitamin A da E kuwa suna cikin masu riƙe garkuwar jiki. Manja yana da abin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A, shi ne ma yake ba shi launin nan ja. Saboda haka kazar da take samun ɗan maiƙo cikin abinci mai kyau ta fi ramammiya karɓar rigakafi.

Na biyu, tun da ƙasashen Tarayyar Turai suka hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin abincin dabbobi don sa su girma, a farkon shekarar 2006, masana suka dukufa neman abin da zai maye gurbinsa. Sun gwada man itatuwa da ganyaye iri iri, har da habbatussauda da tafarnuwa. A wasu gwaje-gwajen an ga sojojin jini sun ƙaru, a wasu kuma ba a ga wani bambanci ba. Amma a lura da abu ɗaya: sojojin da ake aunawa ɗin nan, na kajin da aka riga aka yi wa rigakafi ne. Tambayar masana ita ce ko mai zai ƙara wa rigakafi ƙarfi. Mai talla a kasuwa shi ne ya yanke rabin maganar, ya ɗauki rabin da zai sayar masa da kaya.

Na uku, akwai allurar rigakafi mai kama da madara, wadda aka dama matacciyar ƙwayar cuta cikin mai. Man yakan riƙe ta a wurin da aka yi allurar, tana fita kaɗan kaɗan, garkuwar ta daɗe. Yawanci tataccen man ƙasa ne, an kuma yi gwajin man gyaɗa da na waken soya a madadinsa. Wannan haɗi fa a ma'aikata ake yinsa da awo da tsabta. Wanda ya ɗura man girki cikin sirinji ya soka wa kaza, ƙurji zai jawo mata.

Yanzu ga gefen da masu talla ba sa faɗi. Rigakafin da muke ɗigawa a ido ko mu zuba a ruwan sha, irin su Lasota, abu ne mai rai, rarrauna ƙwarai. Zafin rana yana kashe shi, sabulu yana kashe shi, haka ma maganin da ake sa wa ruwan famfo. Man ganyaye masu ƙarfin ƙamshi, da yawansu ana yabonsu ne domin suna kashe ƙwayoyi. Wanda ya haɗa su cikin mazubi ɗaya da rigakafi yana iya kashe abin da ya saya da kuɗinsa, ya koma gida yana murna kajinsa sun tsira, alhali ruwa kawai suka sha. Ranar rigakafi, kada kome ya shiga ruwan nan sai abin da malamin dabbobi ya ce.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa da mu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, ƙasarmu ta zama ta shinkafa, ga kuma gyaɗa da auduga tun kaka da kakanni. Don haka abincin kajinmu dusar shinkafa ne da ƙuli-ƙuli da tunkuza, wani lokaci da dusar angurya. Dusar shinkafa tana da maiƙo da yawa, in ta daɗe a ajiye cikin zafi sai maiƙon ya lalace, ta soma wari. Lalataccen mai yana cinye bitamin ɗin da muke nema. Gyaɗa da masara kuwa in sun sha danshi sukan yi fumfuna mai fid da dafin da ake kira afalatokzin. A shekarar 1960 wannan dafi ya kashe talotalo fiye da 100,000 a Ingila, ta hanyar tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Barazil, a nan ne ma duniya ta fara saninsa. Ko bai kai ga kisa ba, yana raunana hanta da garkuwar jiki, har rigakafi ya kāsa kamawa. Angurya ma tana da nata dafin, in ta yi yawa takan ɓata kwaiduwar ƙwai. Kun ga ke nan, mutumin da ya sayi kwalbar mai mai tsada, yana kuwa ba kajinsa ƙuli-ƙuli mai fumfuna, ya toshe ƙofa ne ya bar taga a buɗe.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce rigakafi sai da firji, mu kuwa ba wuta. Za su ce kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, mai kaza goma ina zai kai saura? Wani kuma ya ce ya taɓa yi, kajin suka mutu duk da haka. Amsar ta farko ita ce, akwai irin da ake kira I-2, wanda masana na Jami'ar Kwinsland a Ostareliya suka samar musamman domin kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a maimaita bayan wata 4. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yinsa tare da Lasota da na Gumboro. Jure zafi ba ya nufin a bar shi a rana, a fulas da ƙanƙara za a ɗauko shi, a yi aiki da shi da sanyin safiya. Amsa ta biyu, ai don irin wannan muka kafa ƙungiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida ashirin su haɗa kuɗi, a buɗe kwalba rana ɗaya, a gama da ita cikin awa ɗaya ko biyu. Ta uku kuwa, rigakafi yakan fāɗi in an yi shi bayan cuta ta riga ta shiga, ko ya mutu a hanya, ko kajin suna cin abinci mai dafi. Dukansu abubuwa ne da za a iya gyarawa.

Me ya sa muka nace haka? Domin a shekarun nan da ɓarayin daji suka kwashe shanu da awaki a Zamfara, gidaje da yawa kaza ce dukiyar da ta rage musu. Yawancinta kuwa ta mata ce. Da ita ake sayen littafin yaro, da ita ake biyan kuɗin asibiti, ita ake kaiwa kasuwa ran Talata in baƙo ya zo ko gishiri ya ƙare. Cutar nan kuma tana zuwa ne daidai lokacin da kaza take daraja, gab da Kirsimeti da sabuwar shekara. Kuskuren shawara ɗaya a taron ƙungiya yana iya share akurkin gwauruwar da ba ta ma halarci taron ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi. A ware kuɗin rigakafi kafin kowane kashe kuɗi na kiwo. A zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su je wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma su koyi ɗiga magani a ido da riƙon fulas. A sa rana cikin watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta taso, a maimaita a Fabrairu da Yuni. A gayyaci maƙwabta duka, na ƙungiya da waɗanda ba na ƙungiya ba, gama kaza ba ta san iyakar gida ba, cuta ma haka. Masu 'yan tsakin gidan gona su karɓi takardar kwanakin rigakafin Gumboro da Lasota daga inda suka sayo su, su bi ta sosai. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran, a kuma raba makwancin kaji da na agwagi, domin agwagwa takan ɗauki cutar ba tare da ta nuna ba.

Bayan an yi duk wannan, wanda yake da hali ya sa ɗan man gyaɗa ko manja mai kyau cikin abinci, kamar lita ɗaya ga buhu mai kilo 50, a cuɗa sosai, a haɗa na 'yan kwanaki kawai. A sansana dusa kafin a saya, a fasa ƙuli-ƙuli a duba cikinsa, a ajiye buhu bisa katako nesa da danshi. Man dogon yaro kuwa a bar shi ga aikin korar ƙwari, kada ya shiga abincin kaji.

Shugabannin ƙungiyoyi, muna roƙo a karanta wannan a taron wata mai zuwa, a bar mata su yi magana tun da kajin nasu ne, a kuma rubuta ranar rigakafi cikin littafin ƙungiya kafin a tashi.