KIMIYYA DA FASAHA: Sanar Da Kwamfuta Kayan Jikinta

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye kulawar da ya saba yi wa babbar manhajarsa mai suna Windows 10. Wadda ta gaje ta, watau Windows 11, ta zo da sharuɗɗan da kwamfutoci masu yawa ba su cika ba, musamman waɗanda aka ƙera kafin shekarar 2017. Sanin kowa ne kuwa cewa da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu a ƙasar nan na hannu ne, irin waɗanda ake saye a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko, daga can su bazu zuwa sauran garuruwa. Mai irin wannan na'ura, wanda ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya mallake ta, ba zai so a ce masa ya jingine ta alhali kuwa tana da sauran ƙarfi ba.

Shawarar da akan ba irin waɗannan mutane ita ce su koma ga wata babbar manhaja da ake kira Linux, wadda ake samu kyauta, kuma ba ta ƙyamar tsohuwar na'ura. To, amma wani lokaci bayan an ɗora ta sai a tarar sauti ba ya fita, ko kwamfutar ta kasa ganin Wi-Fi, ko kuwa a soka mata wata na'ura ta yi kamar ba a soka kome ba. Nan da nan sai mai ita ya yanke hukunci cewa kayan sun mutu. Sau da yawa kuwa lafiyarsu ƙalau, abin da ya faru shi ne ba a gabatar da su ga zuciyar manhajar ba.

Wannan zuciya ita ce sashen babbar manhaja da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, ita ce kuma ke tsaye tsakanin ƙarafa da sauran manhajoji. Manhajar rubutu ba ta magana da faifan ajiya kai tsaye, haka ita ma manhajar sauraren karatu ba ta taɓa lasifika da kanta. Kowacce sai ta kai buƙatarta wurin zuciya, ita kuma ta isar. Da yake kowace na'ura da irin harshen da kamfaninta ya ƙera ta da shi, tilas zuciya ta sami tafinta ga kowace ɗaya. Wannan tafinta shi ne masu gyaran kwamfuta ke kira direba. Na'urar da ba ta da direba a cikin zuciya, ko da sabuwa ce fil, daidai take da baƙon da ya sauka a garin da babu mai jin yarensa.

Tarihin Linux kansa ya nuna haka. A shekarar 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar farko domin kwamfutarsa ta gida mai furosesa Intel 386. Rubutun bai fi layi 10,000 da 'yan kai ba, kuma kayan da ke gabansa kaɗai ya yi wa tanadi, har allon madannai ma na harshen ƙasarsu ne. Shi da kansa ya faɗa a lokacin cewa da wuya ta taɓa aiki da wani faifan ajiya in ba irin nasa ba, domin shi kaɗai yake da shi. Da ya saki rubutun ga duniya, sai kowane mai wata na'ura dabam ya shiga rubuta mata direba yana aikawa. A farkon shekarar 2025 rubutun ya haura layi miliyan 40, kuma fiye da rabinsa direbobi ne.

Babu kwamfuta guda da ke buƙatar wannan taro duka. Saboda haka kafin a harhaɗa zuciya daga asalin rubutunta, sai an zauna an zaɓi abin da zai shiga da abin da za a bari. Wannan zaɓe shi ne ake nufi da saita zuciya. Tambayoyin sun fi 10,000, an kuma kasa su babi babi a cikin wani jadawali da ke buɗewa idan an ba da umarnin make menuconfig: babin furosesa, babin faifai, babin sauti, babin sadarwa, da sauransu. Galibin direbobi amsa uku gare su. Idan aka sa harafin y, an gina direban a jikin zuciya, duk lokacin da ta tashi yana tare da ita. Idan aka sa m, an harhaɗa shi amma an ajiye shi a gefe cikin faifai, sai buƙata ta taso a kirawo shi. Idan kuwa aka sa n, an bar shi ke nan, na'urarsa kuma ba za ta motsa ba.

Mutanen da suka yi wannan aiki a farkon shekarun 1990 sun sha wuya fiye da na yanzu. Katunan wancan zamani ba su iya faɗin sunansu, saboda haka sai mutum ya buɗe akwatin kwamfuta ya duba 'yan maɓallan da ke jikin kati, ya rubuta lambar layin da katin zai riƙa kiran furosesa da shi, sa'an nan ya gaya wa zuciya. Layukan 16 ne kacal, kuma idan na'ura biyu suka haɗu a kan layi guda sai rikici. Alal misali, katin sauti na Sound Blaster na farko yakan zo a kan layi na 7, wanda shi ne kuma layin kafar firinta. Sauƙi ya samu ne da kamfanin Intel ya fito da tsarin PCI a 1992, kana tsarin USB ya biyo baya a 1996. A waɗannan tsare-tsare kowace na'ura tana ɗauke da lambar kamfaninta da lambar kanta, zuciya kuma ta duba lambobin ta kirawo direban da ya dace. Lambar Intel ita ce 8086, watau sunan furosesan da ya fitar a 1978.

Wannan ya kawo mai karatu ga matakin farko, wanda kuma ya fi kowane muhimmanci: ƙidayar kayan da ke cikin na'ura. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a taɓa jadawalin tambayoyi, sai a ba da umarnin lspci, wanda zai jero kayan da ke kan tsarin PCI, da lsusb, wanda zai jero na kafofin USB, da lsmod, wanda zai nuna direbobin gefe da ke aiki a halin da ake ciki. Sunan da ke jikin kwali ba ya wadatarwa, domin kwamfutoci biyu masu suna ɗaya, daga kamfani ɗaya, suna iya zuwa da katin Wi-Fi dabam dabam, ɗaya na Intel, ɗaya na Realtek. Direba ɗan ƙarfen da ke ciki yake bi, ba ruwansa da tambarin da aka manna a waje. Mai hankali kuma ba ya fara amsa tambayoyi daga tushe. Yakan kwafi amsoshin zuciyar da ke aiki, ya gyara abin da yake so kawai.

Akwai ramuka uku da sababbin shiga suka fi faɗawa. Na farko ya shafi faifan ajiya. Idan mutum ya sa wa direban faifai harafin m, to ya ajiye direban a cikin faifan da ba a iya karantawa sai da shi, kamar wanda ya kulle ɗaki ya bar makullin a ciki. Kwamfutar za ta fara tashi, ta tsaya cik, ta rubuta saƙon da masu sana'ar ke kira firgitar zuciya. Magani shi ne a sa wa direban faifai da na tsarin da aka jera fayiloli a kansa harafin y, ko kuwa a haɗa wa zuciya wani ɗan guzuri mai suna initramfs, wanda ake loda shi tare da ita tun farko, yana ɗauke da direbobin da za su buɗe mata faifan.

Rami na biyu na masu son taƙaitawa ne. Tun shekarar 2009 akwai umarnin make localmodconfig, wanda ke duba direbobin da ke aiki a wannan lokaci ya zubar da sauran. Yana rage lokacin harhaɗawa ƙwarai da gaske, amma fa abin da ya gani kaɗai yake ƙirgawa. Wanda bai soka filasha ko kyamara ko wayarsa kafin ya ba da umarnin ba, zai wayi gari sabuwar zuciya ba ta san su ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, domin direba yana nan amma na'ura ta ƙi motsi. Dalili kuwa shi ne katunan Wi-Fi da na hoto masu yawa suna buƙatar wata 'yar manhaja ta kamfaninsu da ake ɗura musu duk lokacin da aka kunna su, ita kuma ba ta cikin zuciya. Umarnin dmesg, wanda ke nuna bayanan da zuciya ta rubuta tun tashinta, yakan faɗi sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa. Wannan matsala ta daɗe tana wahal da masu amfani da Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin ire-iren Linux, saboda masu shi sun ƙi haɗa manhajar da kamfanoni suka ɓoye asalin rubutunta. Sai da suka kaɗa ƙuri'a a 2022, kana fitowa ta 12 ta shekarar 2023 ta zo da waɗannan fayiloli a cikin faifan ɗorawa.

Duk wanda ya gama harhaɗa sabuwar zuciya, lalle ne ya bar tsohuwar a wurinta. Manhajar GRUB, wadda ke tayar da kwamfuta, tana iya jera zukata da dama mutum ya zaɓi wadda yake so. Idan sabuwar ta ƙi tashi, sai a koma ga tsohuwar a gyara kuskure, da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya goge ta don murnar sabuwa, shi ne akan gani washegari a shagon mai gyara da kwamfuta a hammata, aikin mutane kuma yana kulle a ciki.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa yawancin jama'a ba su da buƙatar harhaɗa zuciya da kansu. Masu shirya Debian da Ubuntu da Fedora sun riga sun sa wa kusan kowane direba harafin m, domin zuciyarsu ta tashi a kan kowace irin na'ura. Ga mai kwamfutar da ta ƙi sauti ko Wi-Fi, sau da yawa ƙidayar kaya da karanta bayanan dmesg sun isa su nuna abin da ya ɓace, wataƙila fayil guda ne, ko kuwa na'urar ta fi zuciyar sabunta, sai a ɗora wadda ta fito daga baya. Haka nan Linux ma tana da iyaka, domin a 2013 an cire furosesa 386 daga cikinta, wanda a kansa aka haife ta, bayan shekara 21 da ɗoriya.

Waɗanda wannan ilmi ya zama wajibi a kansu su ne masu gyara da malaman kwamfuta a makarantun koyon sana'a. Yaron shago da ya iya karanta lambar na'ura ya nemo direbanta zai ceci kwamfutoci da yawa daga juji, ya kuma hana talaka sayen katin da bai lalace ba. Kafin a ce wa mai kaya na'urarsa ta mutu, adalci ne a fara bincikawa ko an gabatar da ita ga zuciya. Allah ya sa a dace. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai rai.