Mota Guda Ga Gona Da Gida: A Fara Duba Hanya

Tun da aka kawar da amfanin gona, ba kasuwar da zan shiga tsakanin Kwanar Ɗangora da Tudun Wada wani bai ja ni gefe ba, ya ce, "Malam, wace mota zan saya wadda za ta kai taki gona, ta kuma kai iyali unguwa?" Kusan dukansu zuciyarsu na kan mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira fowil. To, ga amsata a fili, don kowa ya ji.

Abin da na kan fara tambayar mutum shi ne, ina gonarka take, kuma yaya hanyarta take a watan Agusta? Kuɗin da ke aljihunsa sai daga baya. Ƙasarmu ta kudancin Kano ba iri ɗaya ba ce. Mutumin Bebeji ko Kiru da gonarsa ke kusa da titin Zariya, ko kan hanyar Tiga, ya kan yi shekara bai ga taɓon da zai tsai da a-kori-kura ba. Amma wanda ke noman masara a Doguwa, bayan dajin Falgore, ko cikin duwatsun Riruwai, inda ruwa ya fi yawa, rafuka kuma ke yanke hanya, wannan lalle maganarsa dabam ce. Kowa ya zauna ya ƙidaya kwanakin da mota ba ta iya kai shi gona a shekara. Kadan ba su wuce goma ba, hayar amalanke ko babur mai ƙafa uku a waɗannan kwanaki ta fi masa sauƙi ƙwarai da ciyad da fowil wata goma sha biyu.

Na ce ciyarwa, domin haka abin yake. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da akwatin giya na biyu mai raba ƙarfi gaba da baya, tana kuma da ƙarin ƙarfuna a ƙafafun gaba. Duk nauyi ne, duk suna shan mai, duk suna lalacewa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ba manomin da ke bukatar in yi masa wa'azi kan wannan. Na san wani dattijo a ƙasar Kiru da ya sayad da masararsa tun kaka, ya sayi jif 'yar Kwatano mai sheƙi. Da damina ta faɗi sai ga mota a ƙofar gida, ba kuɗin taki. Masarar da ta sayi motar ita ce ta tsaya rawaya a gona. Na je na gani da idona, ban kuwa iya ce masa kome ba, don ya girme ni.

Kada a ce na ƙi jinin motar. Land Rover da aka fito da ita a Ingila a 1948, don gona aka ƙera ta, har da wurin juya injin sussuka ko na ban ruwa. Iyayenmu kuwa sun yi shekaru suna kwasar amfani da Peugeot 504 a-kori-kura da ake haɗawa a Kaduna, wadda ƙafafun baya kaɗai ke tura ta, ta kuwa shiga ƙauyukan da ba a zato. Abin da ya taimake ta shi ne tsawon ƙafa daga ƙasa, da taya mai kyau, da direba mai hankali.

To, in ka ƙidaya ka ga lalle sai fowil, ni a ganina ka bar jif, ka nemi a-kori-kura mai ƙofa huɗu, irin su Hilux. Dalili shi ne rabuwar mutane da kaya. A cikin jif, taki da maganin feshi da jarkar fetur suna ɗaki guda da matarka da 'ya'yanka, warin kuma ba ya barin kujera. Maganin kashe ciyawa ba abin da za a ajiye kusa da yaro ba ne ko na tafiyar mil guda. A mai ƙofa huɗu kuwa, iyali na ciki, guba na baya a bodi. Amma fa ka san abin da ka rasa. Bodinta gajere ne, abin da aka yi ta ta ɗauka kuma bai wuce misalin tan guda ba, har da mutanen da ke ciki. Watau buhu goma na kilo 100 in kai kaɗai ne, shida ko bakwai in ka cika ta da manya. Mai son kai masara da yawa Dawanau, babbar mota zai yi haya ko yana so ko ba ya so. Kuma don Allah a daina zuba yara a bodi ran biki.

Akwai abu biyu da masu sabuwar fowil ke jahilta. A irin waɗannan a-kori-kura, giyar ƙafa huɗu ta taɓo ce da yashi. In ka bar ta a kan kwalta, ƙafafun gaba da na baya za su riƙa jayayya a kowace kwana, taya ta cinye, akwatin giya ya tafi. Na biyu, fowil ja take ƙarawa, ba ta ƙara birki, ba ta kuwa mai da mota kwalekwale. Rafi in ya kawo, ruwa ya shiga inda injin ke shaƙar iska, injin ya mutu ke nan, in ma an tsira da rai. A jira ruwa ya janye.

Ran da za ka saya, tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. Ya shiga ƙarƙashi ya duba tsatsa da walda a jikin ƙarfen da ke ɗauke da motar, ya sa giyar ƙafa huɗu a kan turɓaya ya ga ko tana kamawa, don da yawa an cire musu sandar gaba an yi shiru. Sa'an nan ka bi ta Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin kayan gyaranta tun ba ka biya ba, ka kuma tambaya ko akwai mai iya taɓa ta a Tudun Wada, ko kuwa sai an jawo ta Kano.

Malamin Gona