Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Makarantun Dubeli Da Gonakin Geriyo

Masu iya magana kan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan firamare da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ya san wannan magana ba karin magana ba ce kawai. Yaron da ya fito gida da ɗan koko, ko ma bai karya ba, ba ya jin baƙi balle wasali. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne a ce haka na faruwa a Dubeli, unguwar da ke Jimeta a Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, alhali ga Kogin Binuwai, ga kuma Tafkin Geriyo inda ake noman rani ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama. Shinkafa da masara da alayyafo da kuɓewa duk daga nan suke fitowa, su wuce ta gaban makarantu a bayan a-kori-kura, su nufi kasuwa.

Ba yau aka fara tunanin haɗa gona da makaranta ba. A shekarar 2005 gwamnatin Obasanjo ta gwada shirin ciyar da ɗalibai da amfanin gonar gida a jihohi 12 da Abuja. Ba a jima ba ya mutu kusan ko'ina, sai Jihar Osun ce ta riƙe shi. A 2016 gwamnatin Buhari ta farfaɗo da shi ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka mayar da shi naira 100. A watan Janairun 2024 gwamnatin Tinubu ta dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Mai karatu ya tambayi kansa, yau me naira 100 za ta saya? Ko ƙwai ɗaya ba za ta kawo ba.

Amma a nawa ganin ƙarancin kuɗi ba shi ne babban ciwon ba. Ciwon yana cikin kalmar "gida" da ke sunan shirin, kuma mu ɗaliban harshe ya kamata mu fi kowa lura da kalma idan aka ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. An ɗauki mata masu dafa abinci, an tura musu kuɗi, su kuma suka shiga kasuwa suka sayi abin da ya fi araha, kuma ba su da laifi. Babu abin da ya wajabta musu saye daga manomin Geriyo. Ke nan manomi ya sayar wa dillali da rahusa, mai girki ta saya da tsada, yaro ya samu loma uku.

Ƙasar Birazil ta gano wannan tun tuni. A 2009 ta yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ke bayarwa dole a kashe shi wajen ƙananan manoma. Manomi ya san mai sayen kayansa tun kafin ya yi shuka. Abin da nake so Majalisar Dokokin Adamawa ta yi ke nan, ba sai ta jira Abuja ba. A fara da 'yan makarantun Dubeli da ƙungiyar manoma ɗaya, a rubuta yarjejeniya, a yanke farashi. Lokaci ma ya dace, domin kayan lambu sun fi yawa a zangon karatu na biyu, daga Janairu zuwa Afirilu, sa'ad da ganye kan yi kwantai har ya ruɓe. Adamawa kuma ƙasar shanu ce. Kofin kindirmo sau biyu a mako ba zai gagara ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma irin waɗannan yaran ne ke shigowa aji ɗaya.

Za a ce mini ai Binuwai ba ta da alƙawari. Gaskiya ne. A 2012 da 2022, bayan an saki ruwan Madatsar Lagdo ta Kamaru, ambaliya ta cinye gonaki masu yawa a jihar nan. To sai a sayi hatsi da wake da kaka a adana, ganye da kifi kuma a riƙa karɓa mako-mako. Akwai kuma batun tsafta, wanda ba na wasa ba ne a jihar da ta ga annobar amai da gudawa a Mubi a 2018. Ganyen da aka wanke da ruwan kwata, ko aka yi wa feshi jiya aka yanko yau, cuta zai kawo wa yaro. Nan ne Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Aikin Gona ta Ganye ke da aikin yi.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba, wato a biya manomi ranar da ya sauke kaya. Mutumin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa ba zai iya jiran fayil ya zagaya ofisoshi wata uku ba. Idan aka riƙe masa kuɗi sau ɗaya, mako mai zuwa kasuwar Jimeta zai kai kayansa.