Kukan Kasuwar Kurmi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanen Kano, wadda ake kashe kowace gardama da ita. In aka ce an garƙame rumfar da wane ya gada tun kaka da kakanni a Kasuwar Kurmi, sai a ce, "Ai zamani ne." In aka ce masaƙa sun watse, karofi ya bushe, dukawa sun jingine aiki, sai a sake cewa, "Zamani ne." Watau an mai da zamani jakin dako, duk wanda ya yi sakaci sai ya ɗora masa kayan laifinsa, ya kaɗe riga ya wuce. To, wannan magana ba ta da tushe. Zamani ba shi da hannun da zai sa wa rumfa kwaɗo. Mutane ke rufe ta, su ne kuwa ya kamata a tambaya.

Kafin a yanke hukunci, ya kyautu a san abin da ake magana a kansa. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi a tsakiyar birni, gefen Jakara. Ke nan ta haura shekara 500 tana ci. Albarkacinta ne baƙi suka zo suka kafa unguwanni waɗanda sunayensu ke ba da labarinsu har yau, kamar Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi, da Dandalin Turawa inda Larabawa fatake suka zauna. A cikin 1824 wani Bature mai suna Clapperton ya shiga wannan kasuwa, ya yi mamakin tsarinta ƙwarai. Ya ba da labari cewa in mutum ya sayi riga ko turkuɗi ya tafi da shi har Barno, sa'an nan ya kwance ya iske an yi masa algus, sai ya komo da kayan, gama akwai sunan dillali a rubuce cikin kowane ƙunshi. Dillali ya nemo mai kaya, a tilasta shi ya mayar da kuɗi. A cikin 1851 kuma Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shaida cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Abin da ya ɗaukaka Kurmi ke nan: sana'ar hannu mai kyau, da amanar da ke bin kaya duk inda suka tafi.

Mai cewa zamani ne sai ya duba tarihi, ya ga sau nawa zamani ya juya a kan wannan kasuwa bai ci ta ba. An yi jihadi, sarauta ta sāke hannu, Kurmi tana nan. Turawa suka ci Kano cikin 1903, aka hana cinikin bayi da ake yi a cikinta, Allah ya raba jama'a da wannan mugun ciniki, kasuwa kuwa ba ta mutu ba. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, ayarin raƙuma na hamada ya ja baya, kamfanonin Turawa suka gina kantunansu bayan ganuwa kusa da tasha, Kwarori suka buɗe nasu a Fagge, aka kafa Sabon Gari. Duk da haka mai neman sirdi, ko littafi, ko turare, ko kanwa, Kurmi yakan nufa.

Manyan kantunan da aka zaci za su binne ta fa, ina suke? An yi zamanin Kingsway, ya wuce. A cikin 2014 aka buɗe katafaren kanti na Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, da Shoprite a ciki, jama'a suka yi ta tururuwa. A watan Janairu na 2024 Shoprite ta rufe ƙofarta a Kano, ko shekara 10 ba ta cika sosai ba. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Babban kamfani riba ta kawo shi, ranar da ta ragu sai ya naɗe tabarmarsa. Mai rumfa a Kurmi kuwa a nan aka yanke cibiyarsa, ba shi da inda za shi. In irin wannan mutum ya rufe, lalle ba da son ransa ba ne, akwai waɗanda suka tura shi.

Na farko cikinsu hukuma ce. Mai karɓar haraji bai taɓa ɓata hanyar Kurmi ba, amma mai gyaran magudanar ruwa ya daɗe da mance ta. Lunguna sun tsuke, har mai kura yakan sha wuya kafin ya ratsa, balle motar kashe gobara. Da damina ƙafa sai ta nutse cikin taɓo, Jakara kuwa ta zama juji. Wane mai saye ne zai bar kanti mai tsabta da wurin ajiye mota, ya zo ya tsallaka kwatami don ya sayi hula? An kuwa sha samun gargaɗi. Gobarar watan Maris na 2016 ta lashe dubban rumfuna a Kasuwar Sabon Gari, ambaliyar watan Agusta na 2022 ta lalata dukiya mai yawa a Kantin Kwari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun cikin 2007 aka sa ganuwar Kano da Dala da Kurmi cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kayan tarihin duniya na UNESCO. Suna a takarda ba ya yashe lambatu.

Har wa yau, hukuma ce ta zuba ido masana'antu suka durƙushe. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta yi ta faɗuwa, wutar lantarki ta ƙi zama, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin da aka sallama ba ya ɗinka babbar riga da salla. Yadin ƙasar Sin kuma ya cika gari, har da mai kwaikwayon zanen rinin Kano, ana sayar da shi a farashin da marinin Ƙofar Mata ba zai iya karyawa ba.

Na biyu attajirai ne. Da yawansu a gindin rumfa kakanninsu suka tara abin da suke taƙama da shi yau. Da hali ya samu sai suka fice daga birni, suka yi gidaje a Nasarawa, suka jera benaye na haya a bakin manyan tituna. Ba laifi ba ne mutum ya ci gaba. Laifin shi ne ya sha ruwa ya cika rijiyar da ƙasa. Kuɗin da ake ɓatarwa a biki guda ya isa ya shimfiɗa daɓe a layi sukutum, ko ya ba dukawa goma jari.

Na uku mai saye ne, wanda ke kukan lalacewar gari da baki, aljihunsa kuwa yana wani wuri. Yakan biya abin da aka rubuta a jikin takalmin waje ba ko tari, amma in ya zo gaban baduku sai ya yi ta tayi har ya karya masa zuciya. Alhali kuwa fatar Kano ce ake jemewa a kai Turai, a yi jaka da takalmi, a sayar da tsada.

Na huɗu, gaskiya ɗaya ce, su 'yan kasuwar ne da kansu. Waɗansu sun saki amanar nan da Clapperton ya gani, suna haɗa mai kyau da maras kyau. Da yawa ba su rubuta shiga da fita, ba su san bashin da suke bi ba sai abin da ke ka. Ran da maigida ya cika, sai lissafi ya bi shi kabari, magada su raba jari, a sayar da rumfa ga mai kayan roba. Waɗansu kuma sun ɗauki sana'ar ubansu abin kunya, ba su koya wa 'ya'yansu ba.

Kada a zaci hasarar ta mai rumfa ce shi kaɗai. Sirdi guda da kayansa sai an sami masassaƙi, da maƙerin likkafa da linzami, da majemi, da baduku, da mai ɗinkin jalala. In aka rufe rumfar mai sayar da kayan doki, gida biyar aka kashe wa tukunya. Tsohuwar rumfa makaranta ce, inda yaro ke koyon ciniki da ladabi. Ita ce wurin ajiyar baƙauye, ita ce inda talaka ke karɓar kaya bashi sai kaka ya biya, don an san ubansa. Kanti mai na'ura ba ya ba da lamuni, ba ya zuwa jana'iza. Sana'ar hannu kuma a hannu take zaune. In tsoho na ƙarshe da ya iya ta ya rasu, kuɗin gwamnati duka ba za su komo da ita ba.

Wani zai ce talaka araha yake nema, ba za a tilasta shi sayen abu mai tsada don tarihi ba. Gaskiya ne, ba kuwa mai cewa a koma kan raƙumi. Amma a duba birnin Fas na ƙasar Maroko, da kasuwar Khan al-Khalili ta Alƙahira, garuruwan da fataken hamada suka sani kamar yadda suka san Kano. Su ma zamani ya je musu, da mota da kayan waje. Suka gyara tsofaffin kasuwanninsu, majemar Fas tana aiki har yau, tsohon birnin kuwa ya shiga kayan tarihin duniya tun cikin 1981, baƙi na zuwa suna zubar da kuɗi. Zamanin ɗaya ne, himmar mutane ce ta bambanta.

Maganin ba boyayye ba ne. Hukuma ta yashe magudanu, ta buɗe hanyar motar kashe gobara, ta sa fitilu, ta bayyana wa jama'a abin da aka tara na haraji a kasuwar da abin da aka kashe mata. In za ta yi kyauta ga baƙi ko ta sayi kayan bukukuwa, ta saya a hannun masu sana'ar gari. Attajirai su ɗauki layi layi su gyara. 'Yan kasuwa su haɗa kai, kowane mai sana'a ya sa alamarsa a jikin kayansa yadda aka yi a da, wanda ya yi algus a san shi. Kowace rumfa ta ajiye littafin lissafi, kowane yaro ya haɗa karatu da sana'ar gidansu. Mai saye kuma, in salla ta zo, ya tuna da hanyar Kurmi.

Kasuwar ba ta mutu ba tukuna, tana ci, tana kuwa kuka. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gini kuma tun yana tsaye ake yi masa yaɓe. Allah ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙe amanar da magabata suka bar musu, amin.