Birkin siki da hannun da sanyi ya kama

A tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, akwai masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da ba sa shiga keken igiyar da ke kai jama'a saman dutse. Da ƙafarsu suke hawa, allunan siki ɗaure da takalmansu, sa'an nan su juyo su zamo ƙasa. Can a ƙololuwa, cikin iska da sanyi, mai hawa yana da ɗan aikin da bai kamata ya wuce 'yan daƙiƙu ba: ya juya maɗaurin takalminsa daga yanayin hawa zuwa na sauka, ya kuma saki birkin da ya kulle. Yadda aka ƙera maɗaurai da yawa, wannan aiki ya fi ƙarfin hannun da ke cikin safa mai kauri. Gyaran kuwa yana wuyan masu ƙira.

Birkin siki ba ya tsayar da mutum. Allon yake tsayarwa idan ya rabu da mai shi. Ƙarafa biyu ne masu lanƙwasa a gefen maɗaurin dunduniya, da sifirin da ke tura su ƙasa. Idan takalmi ya taka fedarsu sai su ɗaga su bar dusar. Idan mutum ya faɗi takalmin ya fita, sifirin ya cusa su cikinta, allon ya turje. In babu birki, allo mai santsin ciki da kaifin gefe zai gangara kamar mashi, ya sami duk wanda ke ƙasa.

Matsalar ta samo asali ne daga maganin wata matsalar. A da ƙafa a ɗaure take da allo ƙam, faɗuwa kuma takan ƙare da karaya. Hjalmar Hvam, haifaffen Norway mazaunin jihar Oregon ta Amurka, ya karya ƙafa a 1937, bayan nan ya fito da maɗaurin Saf-Ski mai sakin takalmi idan an faɗi. Karaya ta ragu, amma allunan suka fara tserewa. Aka ɗaure su a ƙafa da igiya, sai allon ya riƙa juyowa yana sarar mai shi yayin da yake mirginawa. A shekarun 1970 birki ya maye gurbin igiyar a filayen wasa, yau kuma akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa, ISO 11087, da ta tsara yadda ake gwada shi.

A fili mai keken igiya, birkin ba ya neman tunanin kowa: a taka ya ɗaga, a fita ya sauka. Mai hawa da ƙafa kuwa dole dunduniyarsa ta kasance a sake don ta ɗaga a kowane taku, saboda haka babu abin da ke danne fedar. In ba a kulle birkin a sama ba, zai yi ta jan dusa har ƙololuwa. Tun da Fritz Barthel na Ostiriya ya ƙirƙiro maɗauri marar nauyi mai kama takalmi da ƙananan ƙusoshi a farkon shekarun 1980, wanda kamfanin Dynafit ya yaɗa daga baya, kowace masana'anta ta ɓullo da nata makullin. Wani sai an murɗa sashen dunduniya an taka. Wani sai an danne ƙarafan da hannu ɗaya an ja liba da ɗayan. Wani kuma maɓalli ne da bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Irin wannan makulli yana kuskure ta fuska biyu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan ya kwance ana cikin hawa, abin takaici ne: mutum ya tsaya ya sunkuya ya mayar. Idan kuwa ya zauna a kulle lokacin da ake buƙatar birkin, lamarin ya zama na rai. Mafi haɗarin lokaci shi ne sa'ad da mai hawa ya cire allon don ya ɓare fatar da ke manne a cikinsa, wadda ke hana shi zamewa baya. Fatar ta fita, birki yana sama, gangara tana jira. Wanda allonsa ɗaya ya tsere a nan zai yi ta nutsewa cikin dusa mai zurfi, tafiyar rabin sa'a ta koma ta yini, dare kuma na iya riskarsa.

Masu ƙira suna da hujjojinsu. Kowane giram da aka ƙara, ƙafa za ta ɗaga shi sau dubbai a yini. Babbar liba tana tara ƙanƙara. Mai kaya kuma ya kamata ya san kayansa. Biyun farko gaskiya ne. Ta ukun ce ke da rauni, domin ta ɗauka cewa hannun da ya gwada maɗaurin a shago shi ne zai yi aiki da shi a dutse. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa, yatsu kuma suna fara rasa ƙwarewa da zarar zafin fatarsu ya sauka ƙasa da digiri 15. Makullin da ke tilasta cire safar hannu yana ƙara sanyaya yatsun da yake nema su yi aikin ƙwarai.

Injiniyoyin jirgin ƙasa sun warware irin wannan tuntuni. Birkin iska na farko da George Westinghouse ya ƙera yana buƙatar iska kafin ya kama, don haka idan bututu ya fashe, jirgi ya rasa birki. A 1872 ya juya tsarin: raguwar iska ce ke sa birki ya kama, ta yadda lalacewa take tsayar da jirgi. Makullin birkin siki yana buƙatar wannan tunani. Ya zama ba zai yiwu a shiga yanayin sauka birki yana kulle ba. Cire takalmi daga allo ya sake shi, ko da ana yanayin hawa. A iya kulle shi da motsi ɗaya, da tsinin sanda ko da taku, ba tare da sunkuyawa ba. A kuma gane halinsa daga tsaye, da ido ko da ƙarar da kunne zai ji cikin iska. Wasu maɗauran kasuwa sun cika wasu daga cikin waɗannan sharuɗɗa, wanda ke nuna cewa abin ba gagarau ba ne.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan makulli mai wahala. Mutanen da ya gajiyar sukan kwance birkin gaba ɗaya, su koma ga igiya ko su tafi haka nan. A wuraren da dusar ƙanƙara ke zaftarewa, igiya tana hana allo rabuwa da ƙafa, allon kuma yana jan mutum zuwa ƙarƙashin dusar. Na'urar tsaro da aka bari a gida saboda wahalarta ba ta tsare kowa ba, komai kyawun sakamakonta a ɗakin gwaji.

Saboda haka ma'aunin ya kamata ya sauya. Masu tsara ƙa'idoji su sanya gwajin sarrafa makulli da safar hannu, cikin sanyi, bayan ƙanƙara ta kama shi. Masu sharhin kayan wasa, da suka saba auna maɗauri da giram, su riƙa faɗin motsi nawa yake ci da kuma abin da ke faruwa idan an manta ɗaya. Mai saye kuma ya shiga shago da safar da zai sa a dutse, ya gwada makullin da ita kafin ya biya kuɗi.